Darasi na Bakwai: Tsara Zaman Karatu Domin Ƙananan Yara da Masu Renonsu a Ɗakin Karatu

Tun kafin yaro ya gane harafi ko ɗaya, yana tara abubuwan da karatu zai zauna a kansu daga baya: yawan kalmomin da kunnensa ya saba da su, iya bambance sautukan da ke cikin kalma, sanin cewa littafi yana da farko da ƙarshe, da fahimtar cewa baƙaƙen da ke kan takarda magana ce aka ajiye. Saboda haka ne sanarwar da hukumar UNESCO da ƙungiyar ɗakunan karatu ta duniya, wato IFLA, suka fitar a 1994 ta sa dasa son karatu a zukatan yara tun suna ƙanana a farkon jerin ayyukan ɗakin karatu na jama'a.

Duk wanda zai tsara irin wannan shiri ya fara da lissafi mai sauƙi. Yaro zai zo ɗakin karatu na rabin awa a mako, sauran makon kuwa yana hannun uwa, ko uba, ko kaka, ko yayarsa. Ashe ke nan babban da ya riƙo hannun yaron shi ne ainihin ɗalibin wannan zama, kuma abin da ya ɗauka ya kai gida shi ne ribar shirin. A kan wannan fahimta ce ƙungiyar ɗakunan karatu ta Amurka ta gina shirinta na shirya yara domin karatu, wanda ya fara fitowa a 2004, aka sake masa fasali a 2011 a kan ayyuka biyar da kowane mai reno zai iya yi da yaro: hira, waƙa, karatu, rubutu da wasa. A Ingila ma, shirin Bookstart da aka fara a birnin Bamingam a 1992 da jarirai 300, hannun iyaye ya miƙa wa littattafai domin su yi aiki da su a gida.

Kafin a sa rana, a tambayi masu reno. Wane lokaci ne ba ya cin karo da aikinsu, ko da barcin yaran? Wane harshe ake yi wa yaron a gida? Tambaya ta biyu tana da nauyi ƙwarai, domin yaro ya fi saurin kama ma'ana a harshen da ake lallashinsa da shi, kuma babba ya fi sakin baki a harshensa. Bayan haka sai a raba yaran bisa shekaru. Jarirai zuwa 'yan shekara 2 minti 15 zuwa 20 ya ishe su, kuma kowannensu yana kan cinyar mai renonsa. 'Yan shekara 3 zuwa 5 suna iya kai minti 30, in dai ana sauya zama da motsi.

Wurin zama ba ya buƙatar kayan ƙawa. A yi shimfiɗa mai tsabta a ƙasa, a zauna a da'ira, a kawar da duk ƙaramin abin da jariri zai iya haɗiyewa, a kuma jera littattafai a inda hannun yaro zai kai. Na jarirai su kasance masu shafukan kwali mai kauri, hoto ɗaya babba a kowane shafi, domin jariri da baki yake fara binciken littafi.

Tsarin zaman ya riƙa zama iri ɗaya kowane mako, saboda yara suna samun natsuwa idan sun san abin da ke tafe. A buɗe da waƙar gaisuwa da ake ambatar sunan kowane yaro ana tafi ɗaya a kan kowace gaɓar sunan, domin waƙa tana jan kalma a hankali har yaro ya ji gutsattsarinta. Daga nan sai littafi. A nan ne mai jagorantar zaman ya kamata ya fi mai da hankali, domin yadda ake karantawa ya fi yawan shafukan da aka karanta amfani. Masanin halayyar ɗan Adam Grover Whitehurst da abokan aikinsa sun bayyana wata hanya a 1988, wadda a cikinta babba yake tambaya, yaro yana ba da labari. Ga yadda take tafiya. An buɗe shafi mai hoton kyanwa a ƙarƙashin kujera, sai jagora ya nuna da yatsa ya ce, "Mene ne wannan?" Ya yi shiru, ya jira, ko da shirun ya ɗan yi tsawo. Yarinya ta ce, "Kyanwa." Sai ya amsa, "Haka ne, baƙar kyanwa ce, ta ɓuya a ƙarƙashin kujera. Me kike gani ya tsorata ta?" Kalma ɗaya ta yarinyar ta zama jimla, an kuma mayar mata da magana. Nan take jagora ya juya ga manya ya faɗa musu a taƙaice dalilin jiran da ya yi, domin su gwada a gida. Bayani ɗaya ko biyu a zama guda ya wadatar. Idan ya zama lacca, yara za su watse, manya su gundura.

Akwai mai renon da zai zauna can baya yana jin nauyi, saboda shi ma karatun bai zauna masa ba tukuna. Wannan mutum ya cancanci kulawa ta musamman, kuma a ganina shirin da ya bar shi a baya bai cika aikinsa ba. Kada a taɓa miƙa masa littafi a ce ya karanta a gaban jama'a. A tanadi littattafan da hotuna ne zalla, a matsa kusa a ce cikin ladabi, "Kaka, ku gaya masa abin da kuke gani a nan, ku kuma bar shi ya juya shafin da kansa." Wadda ta iya ba da labari da ka, ta iya waƙa, ta iya amsa tambayar jikanta, tana riƙe da wasu daga cikin ayyukan nan biyar tun kafin ta shigo. Mai halartar ajin koyon karatu na manya kuma zai tarar cewa littafin yara, da manyan baƙaƙensa da jimlolinsa masu maimaituwa, wurin gwaji ne mai kyau ga nasa karatun.

Rubutu a wannan mataki shi ne zane da jan layin da yaro ke yi da alli ko fensir mai kauri, don haka a bar minti biyar na ƙarshe domin wannan da kuma wasa. Kada a tilasta wa ɗan shekara 3 haddar baƙaƙe. Kafin a tashi, kowane gida ya ari littafi. Ya kamata masu kula da ɗakin karatu su sassauta dokar tara a kan littattafan yara, domin tsoron biyan kuɗin shafin da ya yage yana hana iyaye aro.

Jagora ya ajiye littafin rajista, amma kada ya tsaya ga ƙirga kawunan da suka zo. Ya lura da waɗanda suke dawowa, ya tambaye su wace waƙa yaron yake rerawa a gida, wane littafi yake cewa a sake masa. Idan wani gida ya daina zuwa, a bincika ko lokacin ne bai dace ba, a gyara.

Aikin gwaji: ku zauna biyu-biyu, ku zaɓi littafin hotuna guda, ku tsara zaman minti 20 na 'yan shekara 3. Ku rubuta waƙar buɗewa, da tambayoyi uku da za ku yi a kan hotunan, da jimla ɗaya da za ku faɗa wa masu reno, sannan ku gwada a gaban ajin a zama mai zuwa.