Darasi na 6: Yadda ake faɗin inda mutum ko kaya yake da Turkanci

Yau abu ɗaya kacal zamu koya amma ku riƙe shi gam, don wanda yaje sarin kaya Istanbul ya rikice a lungunan unguwar Laleli wannan ne zai fishshe shi.

Mu a Hausa "a" ɗinmu gaba take zuwa, a gida, a kasuwa. Su kuwa Turkawa a bayan kalma suke liƙa tasu kamar wutsiya. Gida dai ev ne, a gida sai kace evde. Makaranta okul, a makaranta okulda. To me yasa wancan de wannan kuma da? Wasalin ƙarshe na kalmar zaka duba, in a, ı, o ko u ne sai kasa -da, in kuma e, i, ö, ü ne sai -de, shikenan. Kuma don Allah kar ku ɗauka "da" ɗinmu ce ta "ni da kai", ba ruwansu da juna.

Inda ake yawan tuntuɓe shine kalmar da ta ƙare da f, s, t, k, ç, ş, h ko p, nan d ɗin take komawa t. Titi sokak ne, a titi sokakta, a cikin bas otobüste. Su kansu Turkawa da "fıstıkçı şahap" suke haddace haruffan nan, duk takwas ɗin suna ciki, kuma ku kwaikwaya.

Sunan gari ko na unguwa ana raba shi da ɗan waƙafi na sama: Ankara'da, İzmir'de, Kano'da.

Tambaya kuwa nerede, wato ina. Mai shago ya bugo maka waya yace neredesin, ina kake kenan, sai kace oteldeyim, wato ni ina otal, wannan -yim ɗin shine "ni". Ali evde, Ali yana gida, ba sai an nemo wata kalma ta "yana" ba. In baya nan, evde değil. Nan burada, can orada. Akwai var, babu yok, çantada para yok, ba kuɗi a jaka, wannan kam zata muku amfani wajen ciniki.

Aikin gida: ku liƙa wutsiyar da ta dace a çarşı (kasuwa), cami (masallaci), uçak (jirgin sama), da Zinder. Kowa ya karanta nashi da ƙarfi sau uku kafin ya rubuta.