Darasi na 9: Hawan dutse, da yadda ake saukowa lahiya

Mu mutanen Maraɗi ƙasarmu shimfiɗaɗɗa ce, ka hita daga gari har Madarunfa ba abin hawa sai tudun rairai, shi ya sa tabkin Madarunfa ma daga bakinshi kawai muka sanshi. To amma cikinku akwai masu tahiya arewa neman abinci, akwai masu niyyar haji da ke son hawa Jabal Nur, don haka a karanta da kyau.

A Abzin, cikin jihar Agadas, nan dutsen Bagzan yake, tsawonshi mita 2022, ba wanda ya kai shi a Nijar duka. A Timiya kuma ruwa ke zubowa daga dutse ya taru ƙasa kamar ɗan tabki. Can na taɓa hawa, da na kai sama na leƙo sai ga ruwan kore shar tsakanin baƙin dutse, mutanen da ke bakinshi ƙanana kamar tururuwa, wallahi na daɗe zaune ban ce komi ba.

A tashi bayan asuba tun rana ba ta yi ba. Takalmi mai igiya wanda ƙahwa ta saba da shi, banda silifa, banda sabo. Ruwa lita 3 kowane mutum in za a wuce hantsi, da dabino ko ƙuli-ƙuli, da rigar sanyi don duk mita 1000 da ka hau zahi na raguwa wajen digiri 6. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya ga likita tukuna. Kuma kar a tahi ba ɗan gari mai jagora, da damina kwari kan cika da ruwa farat ɗaya ko da hadarin can nesa ya zuba.

Taki gajere, yadda za ka iya magana kana tahiya. In numfashi ya hana ka gaisuwa to saurinka ya yi yawa, tsaya.

Saukowa ita ce wahalar, kuma ita mutane ke rainawa. Gwiwa ta riga ta gaji, tsakuwa na gangarawa ƙarƙashinka, yatsu na dukan bakin takalmi, ni farcen babban yatsana baƙi ya yi daga baya ya hita don ban yanke ba kahin tahiya. Mai jagoranmu, wani dattijo Ba'abzine, ya ce malam juya gehe, sa sanda gaba sannan ƙahwa ta bi, kar ka taka dutsen da ke motsi. Da haka na sauko.

Aiki: ku 4 za ku hau, kowa lita 3. Lita nawa ke nan? Bido mai lita 5 guda nawa za ku cika? A rubuta amsa cikin kaye.