Yadda za a farfaɗo da wasanni a makarantar kwana a arewacin Kamaru

A da, ɗalibin makarantar kwana a Garwa ko Marwa ba ya rasa abin yi bayan la'asar. Ana buga ƙwallo tsakanin ɗakunan kwana, ana tsere da langa, ana shirya wasan kwaikwayo, waɗanda suka yi fice kuma su wakilci makarantarsu a wasannin OSSUC, tsohuwar hukumar wasannin makarantu ta ƙasa, waɗanda na FENASSCO, ƙungiyar wasannin makarantu ta ƙasa, suka gada daga baya. Yau wayar hannu da darussan ƙari sun cinye yawancin wannan lokaci, kuma a ganina asara ce babba.

Malamin da aka ɗora wa aikin farfaɗo da wasannin sai ya fara da duba yanayin shekara kafin ya sayi ko da ƙwallo ɗaya. Ana komawa makaranta a Satumba, damina na ƙarewa, don haka makonnin farko na share fili ne da cike ramuka da zana layuka da toka ko farar ƙasa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu, shi ne ya fi dacewa da gasa mai wahala. A raba ɗalibai bisa ɗakunan kwanansu, a yi wasa kowace Laraba da yamma, ranar da aka saba ware wa ayyukan da ba na aji ba, sannan a tsara wasan ƙarshe ya faɗa cikin makon bikin matasa na 11 ga Fabrairu.

Bazara ce ke buƙatar kulawa ta musamman, domin a Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40. A mayar da atisaye zuwa bayan sallar asuba ko dab da magariba, a ajiye randar ruwa a gindin darbejiyar da ke bakin fili, a riƙa tsayar da wasa domin kowa ya sha ko bai ji ƙishirwa ba. Yaron da ya ce yana jin jiri ko ciwon kai a fitar da shi nan take, a kwantar da shi a inuwa, a jiƙa masa jiki, idan kuma ya fara ruɗewa a garzaya da shi asibiti. Idan azumi ya zo, a sassauta.

Kada a mayar da hankali ga gwanaye kaɗai. Kowane yaro a Garwa yana mafarkin zama Vincent Aboubakar, wanda ya fito daga ƙungiyar ƙwallon Coton Sport ta Garwa, ya kuma ci ƙwallo 8 a gasar cin kofin Afirka da Kamaru ta karɓi baƙunci a 2022, amma motsa jiki yana cikin jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare da ta Bakaloriya ta kammala babbar sakandare, kuma kowa zai zauna musu. 'Yan mata a ba su filinsu da lokacinsu da malama mai kula da su, a kuma amince da doguwar riga da hijabi mai sauƙi, domin da haka iyaye suke yarda.

Wanda ba ya son gudu a sama masa ƙungiyar muhawara da Faransanci da Ingilishi, ko jaridar bango, ko lambun makaranta. Kowace ƙungiya ta zaɓi shugabanta daga cikin ɗalibai, ta riƙe littafin halarta, sannan ta nuna aikinta gaban iyaye a ƙarshen kowane zango.