Yaron da ya haura 18 kuma ba ya zaune a gida: neman zaman dindindin a Birtaniya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga wanda lokacin neman takardar zaman dindindin ya yi, ɗansa kuma ya wuce shekara 18 yana jami'a a wani gari, kada hankalinka ya tashi. In dai tun yana ƙasa da 18 aka fara ba shi biza a ƙarƙashinka, yawan shekaru kaɗai ba ya fitar da shi daga neman takardar a ƙarƙashinka.

Abin da hukumar shige da fice ke dubawa shi ne ko ya zama mai cin gashin kansa. Aure na fitar da shi, kai tsaye. Iyaye mata masu gaggawar ɗaurin aure, a ɗan yi haƙuri takarda ta fito tukuna. Zama a wani gari kuwa ba laifi ba ne idan karatu na cikakken lokaci ne ya kai shi, misali kuna Manchesta shi yana ɗakin ɗalibai a Lids. Amma sai an nuna a rubuce: wasiƙar jami'a mai ɗauke da adireshinsa, da takardun banki naka da nasa na watannin baya, inda za a ga kai ne ke biyan haya da kuɗin abinci. Wanda ke miƙa wa yaro kuɗi hannu da hannu ya daina tun yau, ya riƙa turawa ta banki.

Kuma shi ma sai ya ci jarrabawar Life in the UK (ta sanin rayuwa a Birtaniya) da kansa, tambaya 24, a ci 18, sannan ya cika sharaɗin iya Turanci.