Yadda Ake Zuwa Tsibirin Mafia a Tanzaniya

Kada sunan ya firgita ka. Mafia tsibiri ne mai shiru a tekun Indiya, kudu da Zanzibar, inda galibin mutane Musulmi ne masu kamun kifi da noman kwakwa.

Fara da biza tun da wuri. Ɗan Najeriya ko Nijar ba a ba shi bizar Tanzaniya a filin jirgi, sai ya nema ta intanet ya jira amincewa daga can, don haka ka ba da tazarar wata biyu. Ka riƙe katinka na allurar shawara, ka tanadi maganin zazzaɓin cizon sauro.

Sai zaɓen lokaci. Afrilu da Mayu ruwan sama ne kamar da bakin ƙwarya, masaukai da yawa ma rufewa suke. Ka je tsakanin Oktoba da Fabrairu, lokacin da kifin nan mafi girma a duniya, wanda Turawa ke kira whale shark, ke kiwo a gaɓar Kilindoni, babban garin tsibirin.

Daga Darussalam ƙaramin jirgi zai sauke ka a Kilindoni cikin ƙasa da awa ɗaya. Akwai jirgin ruwa daga Nyamisati, wani ƙauye a gaɓar babban yankin Tanzaniya, ya fi sauƙin kuɗi, amma a ganina wanda bai saba da teku ba ya bi ta sama. Ka zo da tsabar kuɗi a hannu.

Ka sauka a ƙauyen Utende, bakin mashigin tekun Chole, cikin gandun ruwa da gwamnati ta keɓe tun 1995. Ana biyan kuɗin shiga kullum. Daga nan kwale-kwale zai kai ka tsibirin Chole ka ga jemagu manya rataye a bishiyoyi, da tsibirin Juwani inda kangwayen tsohon garin Kuwa suke, kuma kunkuran teku ke fitowa yin ƙwai.

Ranar ganin babban kifin, ka fita da sassafe da rigar hana nutsewa. Ba ya cin mutum, ƙananan halittun ruwa yake tacewa da baki buɗe. Don Allah kada ka taɓa shi, kada ka tare masa hanya, kada ka matsa wa direba ya kusantar da injin. Yawancin kifayen samari ne da ba su gama girma ba, kuma farfelar jirgi na yi musu mummunan rauni. Ka yi iyo a gefensa a hankali, ka bar shi ya wuce.