Yadda za ku kafa lambun taɓawa da shinshinawa a makaranta

Malamai, ga ƙa'idar da nake bi: duk tsiron da za a ce wa yaro "kul, kada ka taɓa", ba shi da wuri a wannan lambu. An yi shi ne domin yara su gani, su shafa, su shinshina, su saurara, su ɗanɗana. Makafi da masu lalurar galahanga sun fi kowa cin moriyarsa, amma ajin gaba ɗaya yana ƙaruwa.

Ku fara da hanya kafin shuka. Faɗinta kada ya gaza mita 1.2, sannan a bar fili na mita 1.5 inda keken guragu zai juya. A daɓe ta sosai, domin tsakuwa sako-sako tana riƙe taya. Fangalin kuma a ɗaga shi da bulo ko katako zuwa santimita 60 ko 70, yadda yaron da ke zaune a keke zai kai hannu ba sai ya sunkuya ba. Idan ta gefe ɗaya kawai ake isa gare shi, faɗinsa kada ya wuce santimita 60.

Wajen ƙanshi, na'a-na'a da ɗaɗɗoya sun isa a fara da su. Ku koya wa yaro ya murza ganye ɗaya tsakanin babban yatsa da manuniya, sannan ya kai hanci. Murzawar ce ke fasa ƙananan ƙwayoyin man da ke jikin ganyen, ƙanshin ya tashi. Sai dai na'a-na'a a tukunya za ku sa ta. In kuka sake ta a fangali, jijiyarta za ta bi ƙarƙashin ƙasa ta mamaye komai. Don taɓawa, ku jera ganye mai gashi-gashi kusa da mai santsi, ga ɓawon itace, ga duwatsun rafi. Sauti ba ya bukatar wahala: gora idan iska ta kaɗa ta, da busasshen duma mai 'ya'ya a ciki da aka rataye daidai hannun yara.

Abin ɗanɗano ya zama a fangalinsa shi kaɗai, da alama mai launi, kuma ba a fesa masa maganin ƙwari. Zaƙami, zurma, bini-da-zugu da tumfafiya a tumɓuke su tun daga saiwa, ko da su suka fito da kansu. 'Ya'yan zurma suna da kyaun gani, shi ya sa yaro ke jefa su a baki, alhali guba ce. Kududdufi kuwa ni ban yarda da shi ba sam. Ruwa kaɗan ya isa ya halaka ƙaramin yaro, ga sauro da ke ƙyanƙyashewa a ciki.

Dogon hutu ne ke kashe irin wannan lambu, saboda haka fangali biyu da za ku iya riƙewa sun fi goma. Kafin a tashi, a lulluɓe gindin tsirrai da busasshiyar ciyawa mai kaurin santimita 5, a binne tulun ƙasa har wuya a tsakiyar kowane fangali, a cika shi a rufe bakin. Ruwan zai riƙa tsattsafowa a hankali zuwa saiwa. A rubuta sunan mai zuwa cika tulun kowane mako, da sunan wanda zai maye gurbinsa in ya yi tafiya, kuma a tabbata dukansu biyu suna da makullin ƙofa.