Kurakuran da malamai suka fi yi wajen koyar da maganar jiki ta al'adu daban-daban

Wanda ya fi damuna shi ne lissafin nan na 7, 38, 55. Malami zai rubuta a allo wai kalmomi kashi 7 cikin ɗari ne kacal na saƙo, murya 38, fuska 55, ɗalibai su kwafa, ranar jarabawa su maido masa abinsa, shi kenan an gama. To ai ba haka Albert Mehrabian, masanin da lissafin ya fito daga bincikensa, ya ce ba fa. Gwajin da ya yi a 1967 a kan kalma ɗaya-ɗaya ne, yana duba yadda ake gane so ko ƙi idan kalma ta saɓa da murya ko fuska. In da gaske kashi 93 ba a kalma yake ba, ai da ka kunna labaran ƙasar Sin ka gane kusan komai ba tare da ka iya yaren ba. Ka kawo lissafin in kana so, amma ka faɗa musu inda ya tsaya.

Sai wanda ni ma na daɗe ina yi, wato jera musu ishara ƙasa-ƙasa su haddace. Ka haɗa babban yatsa da manuni ka yi zobe, a Amurka lafiya lau kenan, a Japan kuɗi, a Faransa sifili, a Birazil kuma zagi ne. A Bulgeriya gyaɗa kai sama da ƙasa na iya nufin a'a. Duk gaskiya ne kuma aji na jin daɗinsa, matsalar dai ɗalibi zai fita yana ganin al'ada ƙamus ce da za a buɗe a duba, alhali ƙasa guda ba mutum ɗaya ba ce, tsoho daban matashi daban, ɗan birni daban na ƙauye daban, har mutum ɗaya ma yadda yake a gaban ogansa ba haka yake a cikin abokai ba.

Abin da na koma yi shi ne in saka musu bidiyo na minti biyu in kashe sauti, kowa ya raba takardarsa gida biyu, gefe ɗaya abin da idonsa ya gani, ɗaya gefen abin da yake zato. Karon farko wata ɗaliba ta rubuta "ƙarya yake yi" a gefen gani. Na ce mata a ina kika ga ƙaryar? Ta yi shiru ta sake kallo, sannan ta ce ya dai sunkuyar da kai sau uku. Wallahi wannan gyaran da ta yi da kanta ya fi min lakca guda, don sunkuyar da kai a wani wurin ladabi ne, a wani wurin kunya, wani kuma gajiya ce kawai.

A nan aikin Paul Ekman, masanin halayyar ɗan Adam, da abokin aikinsa Friesen yake da amfani. Sun nuna wa ɗaliban Amurka da na Japan fim mai tayar da hankali, da kowa yake shi kaɗai fuskokin sun yi kama sosai, amma da babban mutum ya zauna a ɗakin sai 'yan Japan suka fi rufe abin da murmushi. Don haka ka saba musu da tambayar "a gaban wa?"

Ana kuma mantawa da tazara da shiru, a maƙale a hannu da ido. Edward Hall, masanin al'adu, a 1966 ya ce tazarar da abokai ke bari tsakaninsu daga santimita 45 zuwa mita 1.2 ce, amma a kan Amurkawa ya auna, kar ka koyar da ita kamar dokar duniya. In za a gwada a aji, kar a tilasta wa kowa taɓa wani ko zura masa ido, wanda bai so ya zauna ya zama mai lura.

Kuma don Allah a daina nuna ɗalibi baƙo da yatsa a ce "tashi ka faɗa mana yadda ake yi a ƙasarku". Na taɓa yi, yaron ya miƙe yana ta murza biro, bai ƙara buɗe baki a ajin ba har ƙarshen zango. Yanzu kowa nake sa wa ya rubuto lokacin da aka taɓa yi wa shirunsa ko kallonsa mummunar fahimta, ba suna a takardar, in karanta musu.